Ladabin da na koya wa Shiori

Ni Kuwabara, shekara talatin da ɗaya ina riƙe da ƙaramin garejin motocin tsere, kuma abin da nake fara koya wa duk direban da ya shigo hannuna ba taka birki ba ne, sunkuyo ne. In motarka ta taɓi ta na gaba da kai, ko shi ya buge ka, kana fitowa ka cire hular kwano ka je garejinsa ka rusuna. Haka aka koya mini, haka na koya wa Shiori Nagamine.

Ranar tseren ƙarshe na shekara abu ɗaya take nema, ta shiga cikin ukun farko. In ta shiga, wata babbar ƙungiya ta yi mata alkawarin mota a ajin sama baɗi. In ba ta shiga ba, shekarunta ashirin da shida, babu mai ƙara jiran ta.

Saura zagaye huɗu, a kwanar gangaren tudu, ta kutsa ta ciki har hancin motarta ya wuce na Ogiwara. Ogiwara tsohon zakara ne, furfura har a gira, wanda ya daɗe da manta amfanin madubi. Ya karkato ya rufe ta kamar babu kowa a wurin. Taya ta haɗu da taya, ya zurma cikin tsakuwa, ita kuwa ta gama ta biyu.

Ko a jikina. A watan Mayu, a wannan kwanar dai, Shiori ce ta waje ta rufe wani, alƙalan tsere suka ƙara mata daƙiƙa goma, suka ce wanda hancinsa ke gaba ta ciki shi ke da hanya. Takardar hukuncin tana cikin akwatin kayan aikina.

Ta fito tana haki, gumi har wuya.

"Baba, yau ma sai na je? Shi fa ya rufe ni!"

"Wuce ki je, sarkin gardama. Minti ɗaya ne, bayanki ba zai karye ba."

Ta je. Ta rusuna gaban Ogiwara, ta kira shi yadda ake kiran na gaba, ta ce, "Sempai, ka yi haƙuri, na ɓata maka tsere." Masu ɗaukar hoto suna tsaye a wurin.

Ba a jima ba aka kira mu sama, ɗakin alƙalai. Su uku ne, babbansu Tsukamoto, wanda da shi da Ogiwara a ƙungiya ɗaya suka yi samartaka. Kwalin shinkafa da gasasshen kifi na gabansa, bai ma rufe shi ba. Na ajiye takardar Mayu a kan tebur da hannu biyu, na haɗa sunansa da "san" ɗin girmamawa.

"Tsukamoto-san, ga sa hannunka. Kwana ɗaya ce, abu ɗaya ne. A sa mana bidiyon kwanar mu gani."

Ya sa bidiyo, amma ba na kwanar ba. Na gareji ne. Ga Shiori a sunkuye, hula a hammata.

"Nagamine-san, me kika ce masa a nan?"

"Haƙuri na ba shi."

"To. Mai gaskiya yana ba da haƙuri ne?"

"Haba, Tsukamoto-san!" na ce. "Kai sau nawa ka yi wannan sunkuyon kana yaro? Gaisuwa ce, kowa a ɗakin nan ya sani!"

"Kowane hatsari da kamarsa, Kuwabara-san. Mayu daban, yau daban."

Na juya wajen Ogiwara da ke zaune yana hura shayi. Ya san abin da ya yi. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa. Ya kurɓa, ya ajiye kofi a hankali.

"Ni dai na yafe mata," ya ce. "Yarinya ce, za ta koya."

Daƙiƙa goma suka ƙara mata, daga ta biyu ta koma ta shida. Ta karɓi takardar da hannu biyu, ta karanta har ƙasa, ba ta dube ni ba. Na fi son ta zage ni.

Mun kai ƙofa Tsukamoto ya ɗauki tsinken cin abincinsa, ya kira sunana.

"Kuwabara-san, ka iya tarbiyya. Yaran yanzu ba su da ladabin yarinyar nan."

Ina da maganganun shekara talatin a bakina. Amma kafin in buɗe shi, bayana ya riga ya lanƙwashe da kansa, a gaban Shiori, na ji muryata tana cewa na gode.