Mai Masaukin Dakta

Shekara goma sha ɗaya Alhaji Jatau mai yadi ya yi yana sauke baƙin Ƙungiyar Aikin Gayya ta Sabon Gari, tun Gusau ba ta zama hedikwatar jiha ba. Ƙungiyar ba wata babba ba ce. 'Yan kasuwa ne da direbobi da ƙananan ma'aikata, suna yashe magudanai kafin damina, suna kai abinci asibiti ran Juma'a, in katangar maƙabarta ta faɗi su tayar. Amma suna da al'ada guda da ba su wasa da ita. Duk babban ma'aikacin da aka turo garin sai sun tarbo shi, ɗayansu ya sauke shi kafin gwamnati ta ba shi gida, sannan a yi masa taron maraba. Wanda baƙo ya fara shan ruwansa, shi ne mai masaukinsa har ya bar garin. Shi zai tsaya kusa da shi ran taro ya gabatar da shi, kuma duk mai son ganin baƙon nan gaba, ta ƙofarsa zai bi.

Manajan banki biyu, da likita, da injiniyan ruwa, duk a ɗakin baƙi na Alhaji Jatau suka fara kwana. Shi ya sa in ya ratsa kasuwa ake gaishe shi tun daga nesa, ana cewa a sa baki a ga wane. Bai taɓa karɓar komai a kan haka ba. Gaisuwar ita yake so.

Shekara ɗaya da samun jiha, takarda ta zo cewa an naɗa wani Dakta Halliru daga Zariya shugaban sabuwar kwalejin da aka buɗe bayan gari, zai iso ran Alhamis. Alhaji Jatau ya san abin da wannan ke nufi. Banki da asibiti na masu buƙata ne jefi-jefi, amma kwaleji, kowane gida akwai ɗan da ake so ya shiga. Ya sa aka yi wa ɗakin sabon fenti, ya canza katifa, ya ɗaura fanka. Ya kwana uku yana rubuta jawabin gabatarwa, yana karanta wa matarsa Hajiya Delu har ta haddace rabinsa. Da ta tambaye shi ko ya taɓa ganin mutumin, ya ce ba sai ya gan shi ba, masu digiri duk yabonsu iri ɗaya ne.

Ran Alhamis da hantsi mota uku ta tashi zuwa Tsafe, don mai zuwa daga Zariya ba shi da wata hanya sai nan. Shugaban ƙungiya Alhaji Yakubu yana gaba. An bar wani ɗan ƙungiya, Buba, wanda ke kula da layin motocin Bungudu a tasha, don ya karɓi kujerun haya in an kawo. Ba a taɓa zuwa tarbo da Buba ba. Mutum ne mai ƙarar murya, rigarsa ba ta rabuwa da baƙin mai, kuma karatunsa bai wuce ya gane lambar mota ba.

Alhaji Jatau bai bar komai ga sa'a ba. Kular ruwa ya ɗauko cike da ƙanƙara, da kofin tangaran a naɗe cikin tawul, ya ɗora a cinyarsa tun daga Gusau. Alhaji Yakubu ya dube shi ya ce ashe har Tsafe masaukin ya biyo su. Aka yi dariya, shi ma ya yi, amma bai sauke kular ba.

Suka tsaya gindin wata bedi a mashigar gari. Duk farar fijo da ta ɓullo sai su miƙe su gyara hula. Ta farko ta ɗan sanda ce. Ta biyu amarya aka ɗauko daga Funtuwa. Suka yi azahar, suka ci masara gasasshiya, hadari ya taso ya watse. Wani ya nemi Alhaji Jatau ya sam masa ruwan sanyin, ya ce na baƙo ne. Da aka kira la'asar ya buɗe kular ya leƙa, ƙanƙarar ta narke tas. Suka juyo gida.

A ƙofar shagon Alhaji Yakubu suka ji labari. Baƙo ya iso tun kafin azahar. Ashe ɗan Nahuce ne ta can Bungudu, ya wuce tun ran Laraba a motar haya don ya gai da tsohuwarsa, ya kwana can. Da safe ya shigo gari cikin a-kori-kura tare da masu kawo albasa, ya sauka a layin Buba da jaka ɗaya, yana tambayar hanyar kwaleji. Buba ya ce rana ta yi zafi, ya zo gida ya sha ruwa tukuna.

Alhaji Jatau ya tambaya ko ya sha. Aka ce ya sha, har ya ƙara.

Bai tsaya sauya riga ba ya nufi gidan Buba, can bayan tasha, inda sai an tsallake kwata biyu. Ya tarar da wani siririn mutum mai tabarau zaune kan tabarma a zaure, ya tuɓe takalmi, yana ɓare dafaffiyar gyaɗa. Buba na gefensa yana ba shi labarin direbobi, mutumin na dariya har yana share ido. Abin da ya fi ci wa Alhaji Jatau rai shi ne moɗar da ke tsakaninsu, tsohuwar moɗar langa duk ta lotse.

"Alhaji, kun dawo?" in ji Buba. "Ai da kun biyo ta tasha da kun huta. Mu duk wanda ya shigo garin ga, mu ka fara ganinai."

Bayan gaisuwa Alhaji Jatau ya kawo maganarsa a hankali. Ya ce akwai ɗaki an gyara musamman, da fanka, da banɗaki a ciki, ga wuta ba ta cika ɗaukewa a layinsu ba. Ya ce mutum irin Dakta manya za su riƙa zuwa gaishe shi. Dakta Halliru ya saurara har ya gama, ya yi godiya mai yawa, sannan ya ce, "Alhaji, na riga na sha ruwan gidan nan. In na ɗauki jakata yanzu, da wane ido zan dubi Malam Buba?"

Malam Buba. A shekara ashirin da sanin Buba, Alhaji Jatau bai taɓa jin an kira shi haka ba.

Washegari bayan Juma'a Buba ya same shi a shago, ya zauna kan sundukin yadi yana murza hula. Yau babu tsokana. Ya ce shi bai taɓa magana a lasifika ba sai kiran fasinja. Ya ji an ce Alhaji ya rubuta jawabi, ko zai ba shi a karanta masa ya riƙe ko da kaɗan ne. Takardar na aljihun gaban Alhaji Jatau a lokacin, yana jin kaifin ninkinta a ƙirjinsa. Ya ce ai bai kammala ba, kuma Turanci ya yi yawa a ciki. Buba ya ce ba komai, ya tashi. Alhaji Jatau ya bi bayansa da kallo, yana hango gobe: Buba zai kama lasifika ya daburce, manya su sunkuyar da kai, Alhaji Yakubu ya waiwayo yana neman wanda zai ceci ƙungiya. Shi kuma takarda na aljihu.

An yi taron ran Asabar bayan la'asar a filin wata firamare. An ba Alhaji Jatau kujera a layi na biyu, inda yake ganin ƙeyar Buba da sabuwar hular da ya aro. Da aka kira mai masauki, Buba ya miƙe, ya riƙe lasifikar da hannu biyu yana jujjuya ta. Alhaji Jatau ya kai hannu aljihu.

"Ni dai ban iya jawabi ba," in ji Buba. "Kwana biyu munka yi da mutumin ga, abin da ni gani shi zan faɗa."

Ya ce Dakta ɗan Inna Amina ne mai ƙuli-ƙuli ta Nahuce, wadda rabin direbobin layin Bungudu sun ci ƙulinta. Ya ce ba ya cin yaji, kowa ya sani kafin a fara aiko da kwano. Ya ce jiya sun je kwalejin tare, sun tarar ɗalibai na ɗaukar darasi a tsaye don babu benci, kuma Dakta bai iya cin tuwo ba da suka dawo. Ya ce shi Buba ya yi wa kafintocin bayan tasha magana, in ƙungiya ta kawo katako za su buga kyauta. Ya ce shi ke nan, ya zauna.

Kafin a gama tafi mutum huɗu sun miƙe sun yi alkawarin katako. Dakta ya tashi ya yi godiya, ya nemi afuwar dattawan da suka wuni a Tsafe saboda shi, musamman Alhajin da aka ce ya riƙe masa ruwan sanyi tun safe. Da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma filin ya ɗauki dariya, kawuna suka juyo layi na biyu. Alhaji Jatau ya ɗaga hannu ya yi murmushi, kamar yadda ake yi. Da aka tashi ya ga mutum uku da suka saba tare shi da batun 'ya'yansu sun kewaye Buba, ɗayansu har yana riƙe masa takalmi ya sa.

A gida Hajiya Delu ta tambayi yadda jawabin ya tafi. Ya ce an yi taro lafiya. Ta dubi aljihunsa, ta tashi ta kawo masa abinci.

Bayan mako guda motar kaya ta zo daga Zariya da kwali ashirin da uku, duk littattafai. Gidan shugaban kwaleji ba a gama rufinsa ba, ɗakin Buba kuma yana yoyo ta kusurwa biyu. Buba da kansa ya zo shago, ya ce ya gaya wa Dakta duk Sabon Gari babu ɗaki mai kyau kamar na Alhaji, ko zai yarda a ajiye su nan. Alhaji Jatau ya so ya ce ya ba wani ɗakin. Ya buɗe baki, sai ya ji kansa yana tambayar ƙarfe nawa za a kawo.

Aka jingine sabuwar katifar a bango, kwalaye suka cika ɗakin har kusa da fanka. Tun daga ranar, kusan kullum bayan la'asar Dakta kan zo ya zauna ciki ya yi karatu. Alhaji Jatau kan baro shago da wuri, ya kawo ruwa mai ƙanƙara a kofin tangaran ya ajiye masa da hannunsa. Dakta kan shanye, ya ce bai taɓa shan ruwa mai daɗin wannan ba. In magariba ta gabato sai ya rufe littafi ya nemi takalminsa. Alhaji Jatau kan ce ga tuwo nan an kusa saukewa, ba yaji.

"Na gode, Alhaji," Dakta kan ce. "Mai masaukina na jira."