Kaset ɗin Yaya

Shago na huɗu ke nan da Auta ta shiga rungume da wani kwali. Mai gyaran rediyon ya ciro kwamfutar ya jujjuya ta. Allon maɓallai ne kawai mai kauri, irin wanda ake jonawa da talabijin.

"Malama, wannan ai ta girme ni."

"Kai dai duba. Ƙarfe huɗu likita zai zo gida, ina so in riga shi."

Ta kasa zama a kan bencin. Ta leƙa titi, ta dawo, ta kashe kiran da ake ta yi mata daga ofis. Kwana shida ke nan Baba bai ci abin kirki ba. Da safe ya riƙe hannunta ya ce yana so ya sake ganin abin nan da Yayanta ya yi masa a talabijin. Shekara goma sha ɗaya da rasuwar Yaya.

Yaya aka saya wa kwamfutar tun suna yara. Ita aikinta ta riƙe littafi tana karanto masa layukan umarnin kwamfuta, shi yana bugawa da yatsa ɗaya. Sati biyu ya gaji, ya koma ƙwallonsa. Da an fita sai ta ja kujera, ƙafafunta na reto. Ta canza lamba ta ga me zai faru, ta ɓata, ta gyara, har ta gane injin ba ya yin komai sai abin da aka gaya masa. Wata uku ta yi kafin ta sa wata 'yar mota ta ratsa fuskar talabijin tana jan gaisuwa a baya. Ranar da Baba ya gani, sai ya ɗaga Yaya sama don murna, a zatonsa shi ya yi. Yaya ya kalle ta, ita kuma ta kalli ƙasa. Tana da shekara tara. Yau mutum talatin ke rubuta manhaja a ƙarƙashinta.

"Kwamfutar ta tashi," in ji mai gyaran. "Amma kaset ɗin da aka adana aikin ya ruɓe. Ko aljani ba zai karanta shi ba."

A cikin tasi ta yi ta rubuta layukan da ka a bayan wata takardar magani, tana gogewa. A gida ta jona wayoyi, ta durƙusa gaban tsohuwar talabijin, ta buga layi arba'in da biyu. Sau uku injin yana ƙi. A na huɗu motar ta fito.

Inna ta tallafo Baba ya jingina da matashi. Motar ta wuce a hankali, tana jan SANNU BABA.

Ya daɗe yana kallo. Sai ya girgiza kai.

"Ba nasa ba ne wannan. Nasa SANU ne. Yaron nan bai taɓa iya rubutu ba."

Auta ta buɗe baki. Ta tuna da yammacin da ta zauna tana shawarar N ɗaya ne ko biyu, babu wanda za ta tambaya. Inna na kallonta, ba ta ko ƙiftawa.

"Ni na taɓa shi, Baba. Bari in mayar."

Ta nemo layi na ashirin, ta goge harafi ɗaya. Motar ta sake fitowa. Baba ya yi 'yar dariya, ya ce a ɗora masa ruwan shayi.