Ramar Sa'ida

Shekara tara Rifkatu tana aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a Sheshe. Kirista ce, 'yar wajen Sumaila, kullum daga Sabon Gari take shigowa gari a adaidaita. Matan unguwar sun saba da ita har suna aiko mata tuwon sallah, ita kuma ta kai musu cincin da Kirsimeti.

Cikinsu akwai Sa'ida, wadda mijinta ya rasu, take riƙe da 'ya'ya uku da sana'ar alkaki da nakiya. Da wuya a yi biki a Sheshe ko Jakara ba a kai mata aikin gara ba. Wata Talata ta zo asibitin ta rame ƙwarai, tana kukan yawan ƙishirwa. Aka ɗebi jininta, aka ce ta dawo jibi.

Da aka tashi daga aiki, Mero mai shara ta tambayi Rifkatu abin da ke damun matar. Rifkatu a gajiye take, tana gyara ɗankwali ta ce, "Wannan rama dai, Allah ya sa ba ƙanjamau ba ne."

Sakamako ya fito, ciwon suga ne. Amma kafin nan Mero ta gaya wa ƙanwarta, ƙanwar ta kai gidan kitso, daga can maganar ta fito da cewa nas ce ta tabbatar. Masu biki suka janye aikinsu. Sa'ida ta daina fita, ba ta kuma dawo karɓar takardar sakamakonta ba, don kar a gan ta a ƙofar asibiti.

Rifkatu ta ji komai, ta kuma san bakin da ya fara. Ran Lahadi fasto ya yi wa'azi a kan harshe, ya ce mai bin Almasihu ba ya buɗe baki sai da abin da zai ɗaga ɗan'uwansa. Ta yi ta hawaye a kan benci, ta ƙudura gobe za ta je gidan. Goben ta yi, tsoron rasa aiki ya hana ta. Haka ta yi ta ɗagawa har mako biyar, sai rannan aka ce Sa'ida ta faɗi a tsakar gida, kafin a samo mota ta cika.

Ran sadakar uku Rifkatu ta shiga gidan da takardar a hannu. Ta durƙusa gaban Hajiya 'Yardada, mahaifiyar Sa'ida, mata cike da ɗakin.

"Hajiya, suga ne ciwonta, ga shi a rubuce. Waccan maganar daga bakina ta fito, ba tare da wani sani ba. Na kuma yi shiru alhali zan iya gyarawa. Ki yafe mini."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon takardar da ba ta iya karantawa.

"Kullum tana ce mini, in Sista Rifkatu ta ji, za ta zo ta wanke ni," in ji ta. "Nawa na yafe, 'yar nan. Nata kuwa, sai ki roƙi Allah."

Rifkatu ta koma gefe kusa da takalma ta zauna. Ba wadda ta kore ta, ba kuma wadda ta yi mata magana. Tana nan har aka kira la'asar, matan suka fara miƙewa alwala.