Ranar da Aka Tone Kafin Gidan Tanko

Alhaji Mustafa ya zo Gidan Tanko da motoci biyu, ya tsaya gindin tsamiya ya ce bana sai duniya ta san wanda ya kafa garin nan. A nan aka haife shi, amma tun yana saurayi ya koma Maraɗi, ya yi arziki da fataucin atamfa da hatsi, ya gina bene a unguwar Zariya. Ƙauyen yana nan yadda ya bar shi, a bakin Gulbi, kusa da hanyar Jiratawa. Ya ce zai gina ƙofar gari ta siminti da ɗakin ajiye kayan tarihi, a yi feti, wato babban biki, a gayyato manya daga birni da 'yan rediyo. Abu ɗaya ya rage masa: yana son kafin gari a cikin akwatin gilashi.

Kafin garin, wato asirin da ke tsare shi, tukunya ce. Tanko maharbi ya binne ta ranar da ya gangaro daga wajen Tibiri ya sari daji ya kafa bukka, don kada ruwan Gulbi ya ci gidansa da na waɗanda za su biyo shi. Ba a barinta ta ga rana, kuma a zuriyarsa mutum ɗaya ke sanin inda take, sai zai mutu ya faɗa wa wani. Yanzu Uwani ce ta sani, tsohuwa mai sayar da daddawa, jikar jikan Tanko.

Alhaji ya same ta a tsakar gida tana tsince kalwa. Ya durƙusa rabi da rabi don kada shaddarsa ta taɓa ƙasa, ya gaishe ta, ya yi ta zagaye kafin ya iso kan magana.

"Iya, tarihi ne fa. Kakanmu ne mu duka."

"Kakanka ya zo bayan an gina rijiya, Alhaji. Ruwa ya iske cikin guga."

Ya yi dariya, mutanensa suka taya shi. Ya yi mata alkawarin ɗakin kwano, ya yi mata na kujerar Makka. Ta ce ba a tone ta, ta ci gaba da tsintar kalwa har ya gaji ya tashi.

Sai dai bara, da zazzaɓi ya kwantar da ita har ta fid da rai, ta kira ɗanta Gambo ta faɗa masa wurin. Ta warke, maganar ta zauna a cikinsa. Gambo ya yi furfura bai riƙe sana'a ɗaya ba, kullum yana wajen mai shayi yana gyara wa gwamnati lissafi. Alhaji bai sha wuya da shi ba. Ya ce idan an gama ɗakin tarihi ana bukatar gardi da zai yi gadinsa, mai kaki da babur.

Suka jira ranar da Uwani ta ɗauki daddawa zuwa kasuwar Jiratawa. Da ta dawo da la'asar ta iske an rushe turken awakinta, samari suna cikin rami da shebur, wasu a tsaye suna ɗauka da waya. Tukunyar tana bakin ramin, ƙarama ce, baƙa, rana tana dukanta. Gambo ya ga uwarsa ya sunkuyar da kai yana gyara takalmi.

Alhaji da kansa ya ɓamɓare murfin. Ya zata layu zai gani, ko azurfa. Baƙar ƙasa ce a ciki, da kawunan kibau masu tsatsa, da ƙoƙon kan kare. Ya yi baya yana ta'awizi, ya toshe hanci da hannun riga, alhali ko wari abin bai yi. Ya ce malamai za su zo, abokan kasuwancinsa za su zo daga Katsina, shi ba zai nuna musu kan kare ya ce kakansa ba. Ya sa aka juye kayan a juji, aka wanke tukunyar da sabulu sau da yawa. Washegari ya aika Sabon Gari aka samo tsohon allo da carbi, aka turara su da hayaƙi don su ƙara tsufa.

Uwani ta je jujin ta kori kaji, ta tsince ƙashin da kibau a gefen zanenta. Ba ta mai da su ramin ba, abin da ya ga rana ya ƙare. Ta rufe su bayan gida kamar yadda ake rufe mushe.

Ranar feti aka kafa rumfuna, aka jera kujerun roba, aka baje buhunan ruwan leda. A saman ƙofar an rubuta Malam Tanko da koren fenti. Wani mushe, malamin boko, ya karanta jawabi da Faransanci, ya maimaita da Hausa, ya ce Malam Tanko ya zo da littattafansa a kan jaki ya shimfiɗa buzu gindin tsamiya. Tsofaffin garin, waɗanda suka girma suna cin naman jan zakaran da ake yankawa a gindin tsamiyar nan kafin shuka, su suka fi kowa tafi. Idonsu yana kan tukwanen shinkafa. Gambo yana bakin ɗakin tarihi cikin kakin da ya yi masa yawa, yana kore yara da sanda.

Alhaji ya sa aka ɗauko Uwani aka zaunar da ita a gaba, don baƙi su ga zuriya. Wata yarinya 'yar rediyo, Hidaya, ta durƙusa ta miƙa mata makirfo, ta tambaye ta abin da ta ji daga manya game da Malam.

"Wane malam, ɗiyata? Tanko da kare ya zo. Farauta yake yi, giya yake sha, bai taɓa kai goshi ƙasa ba. Shi ya sari dajin ga da kuke zaune. In kuna jin kunyarsa ku bar shi ya kwanta, mi ya sa kuka tone shi?"

Hidaya ta sauke makirfon ta dubi Alhaji. Alhaji ya yi murmushi ya ce wa baƙinsa tsufa ne, ya ɗaga hannu aka ƙara sautin kiɗa. Ɗaya daga cikin tsofaffin ma ya juya kujerarsa wajen masu rabon abinci.

Gambo ya zo da sauri ya kama ta a hannu, bakinsa kusa da kunnenta.

"Inna, don Allah, kada ki ɓata mani aiki."

Shi ne ɗanta na fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ko a ɗaki, don kunyar ɗan fari. Ta dube shi daga hular kakin har takalmi, ta zare hannunta.

"Sake ni, Gambo," ta ce, yadda kowa zai ji.

Ta tashi ta bi ta gefen sabuwar ƙofar, ta cikin gonar wake, ta koma gida.