Sammacin Malam Birki

Shekara ashirin da bakwai Malam Birki yana koya wa mutane tuƙi, ɗan sanda bai taɓa rubuta sunansa a takarda ba. Sunan ma ɗalibansa ne suka laƙaba masa, don ko kaza ya hango daga nesa sai ya kama cewa, "Birki, birki!" Shi ya sa ranar da wata kofur 'yar sanda ta ɗaga masa hannu a mahaɗar bayan asibiti, sai da ya waiga ya ga ko da wani take.

Da shi take. Abin da ya ƙara masa zafi, motar makaranta ce da allon masu koyo a samanta, ga ɗalibarsa, wata nas, zaune a gefe. Ya karɓi sitiyarin ne ma don ya nuna mata yadda ake shan kwana.

"Baba, sannu da aiki," in ji kofur ɗin. "Lasisi da takardun mota. Ka wuce alamar tsayawa ba ka tsaya ba."

"Wace alama, 'yata?"

Ta nuna masa da biro. Ga ta kuwa ja wur a kan ƙarfe, tana kallonsu. Kofur ta rubuta lambar mota, da lokaci, da wuri, da laifi, sannan ta yi masa bayani a natse: ko ya biya tara cikin mako biyu, laifin ya hau kan lasisinsa, ko ya zaɓi kotu ya zo ranar da aka rubuta.

"Sa hannun ba amsa laifi ba ne, Baba. Alkawari ne kawai cewa ka karɓa."

Ya zaɓi kotu, ya sa hannu.

A gida matarsa ta yi dariya har da riƙe ciki, sai da ta ga ya ture kwanon abinci sannan ta shiga taitayinta.

"Haba Malam, ka biya a wuce wurin mana. Kai kaɗai aka fara ba takarda?"

"In na biya, na ce na yi ke nan. Da wane bakin zan sake ce wa ɗan wani ya tsaya?"

Da safe ya ari wayarta, don tasa ba ta ɗaukar hoton kirki, ya koma mahaɗar. Ya biyo hanyar jiya a hankali yana zare ido, bai ga komai ba sai siririn gefen ƙarfe. Ya sauka ya duba. Ashe sabuwar alama ce, wata babbar mota ta goge ta, ta juya fuskarta gaba ɗaya zuwa inda 'yan sanda ke tsayawa. Ya ɗauki hoto daga kujerar direba, ya ja baya taku ashirin ya sake ɗauka, ya kuma ɗauko wani daga inda kofur ta tsaya.

Ɗakin kotun ƙarami ne, benci shida da fanka ɗaya mai kuka. Malam ya zo da farar rigarsa a goge, nas ɗin kuma ta biyo shi da kayan aikinta don ta yi shaida. Da aka kira shi ya miƙa hotunan, sai halin malanta ya motsa, ya shiga bayanin nisan da ya kamata direba ya hango alama.

"Malam, ba lasisi na zo nema ba," in ji alƙali, yana danne murmushi. Ya juya ga kofur. "Kin taɓa kallon alamar nan daga gefen direbobi?"

Malam ya zuba mata ido. Yarinyar nan in ta ce a'a, ko ta ce daga baya aka juya alamar, magana ta yi tsawo.

"Ranka ya daɗe, na kalla," ta ce. "Ganin dattijo kamarsa ya zaɓi kotu ya tsaya mini a rai, sai na je na duba bayan an tashi aiki. Gaskiyarsa ce, ba a ganinta. Na rubuta wa ofis, kuma mutum goma sha ɗaya na ba takarda a wurin kafin shi."

Alƙali ya kori ƙarar nan take, ya ce a kawo masa sauran takardun goma sha ɗayan ya soke su, a kuma gyara alamar kafin mako ya fita. Wasu direbobi uku a bencin baya, waɗanda mahaɗar nan ce ta kawo su, suka ɓarke da tafi har sai da masinja ya tsawatar.

A waje kofur ta rusuna. "Baba, ka yi haƙuri."

"Haƙurin me? Aikinki kika yi, kika kuma faɗi gaskiya a gaban mutane. Allah ya yi miki albarka."

Direbobin suka kewaye shi, kowa na so ya riƙe hannunsa, ɗaya har yana rantsuwa ƙannensa biyu ba mai koya musu mota sai Malam. Da ƙyar ya zame gefe ya kira gida.

"Yaya aka yi?" in ji matarsa, tun kafin ya yi sallama.

"Ki ƙara hannu a girkin rana," ya ce. "Ina tafe da baƙi huɗu, ɗalibata da direbobi uku, kuma duk da yunwa muke."