Gahawar Da Ta Daina Ɗaci

Ranar da matar Malam ta rasu, gahawar gidan ta daina ɗaci.

Shi ya koya mata haɗin tun suna sabon aure, daga littafi, kamar yadda ya koyi komai a rayuwarsa. A shimfiɗa takardar tacewa a mazurari, a zuba gari, a ɗan jiƙa shi har ya kumbura, sannan a riƙa tsiyaya ruwan zafi daga buta mai siririn baki, a hankali, ana kewayawa. In ruwan ya faɗa da ƙarfi, garin ya birkice, lallausansa ya toshe takarda, ruwa ya kwanta a kai, sai ɗaci. In kuma aka cika lallaɓawa, ruwan ya bi gefe ya wuce, a sha tsami.

A shekararta ta ƙarshe ne gahawar ta sauya. Ta ajiye masa kofi, ya kurɓa, ya yamutsa fuska.

"Yau kuma me na yi?" in ji shi. "Kin dama garin nan kamar mai kwaɓa siminti. In fushi kike, ki faɗa da baki. Harshena bai yi miki laifi ba."

"Harshenka kuwa ai shi ne shugaban masu laifi," ta ce, ta koma kicin ta turo ƙofa.

Daga nan ta hana shi shiga in tana haɗawa. Ya ɗauka horo ne. Ya bi laifuffukansa ɗaya bayan ɗaya, ya tarar suna da yawa, ya rasa wanne ne. Ta tafi bai sani ba.

Yanzu shi ke riƙe da butar. Hannunsa bai san gargada ba, gahawar kan fito yadda littafi ya ce, amma ta ƙi wuce masa maƙogwaro. Sai ya shiga neman ɗacin nan, ko zai gane abin da take faɗa masa da shi. Ya ɗaga buta sama ya kwarara. Ya juya garin da cokali. Ya jijjiga mazurarin. Duk sun yi ɗaci, amma ba irin nata ba. Nasa ɗacin mugunta ne. Nata kuwa yakan zo ya tafi, kamar mai son magana yana fasawa.

Wata safiya autarsa ta shigo ta tarar da kofuna jere a kan tebur, kowanne an kurɓa an bari.

"Baba, shago za ka buɗe?"

"Laifina nake nema, Auta. Uwarki ta shekara tana ɓata min gahawa da gangan. Na kasa gano yadda take yi, balle dalili."

Auta ta sa sabuwar takarda da gari, ta karɓi butar, ta riƙe ta da hannu biyu, ta dafe gwiwar hannu a kan tebur. Sai ta bar wuyan hannunta yana karkarwa. Ruwan ya riƙa tsinkewa, ya zubo da ƙarfi, ya sake tsinkewa, garin yana tashi yana kwanciya.

Malam ya kurɓa. Shi ne.

"Hannunta ke rawa, Baba. Ta ce kada in gaya maka, wai za ka karɓe butar, ka zauna ka karanta mata littafin likitoci."

"To me ya sa ba ta bar haɗawar ba?"

"Ta ce in ta bari, da me za ku yi faɗa da safe?"

Malam ya dubi ƙofar kicin. Ya tuna ƙarar bakin buta yana bugun mazurari, ƙwas-ƙwas, wadda ya sha ji daga falo yana cewa ƙarar ma ta fushin ce. Ya shanye kofin tas, har da gari a gindinsa.

Maganar da ya kamata ya faɗa wa matarsa ba ta da tsawo, ba ta kuma cikin wani littafi: kawo in riƙe miki hannun, mu zuba tare.