Hagun Lauratu

Mutum ɗaya kamfanin nan na birnin Bahri zai ɗauka aiki. A gida kuwa an riga an sanar da Lauratu, cikin ƙauna, cewa in ta faɗi gwajin yau, kujerar shagon wayoyin yayanta a unguwar Alsawra tana jiranta har tsufa.

Ustaza Sittana, shugabar masu rubuta manhaja, ta jera haruffa a allo: a, c, f, j, m, t, y.

"Bi da bi suke. Nemo min harafin farko da ya ɗara k. Kada ki bi su ɗaya-ɗaya, ba wake muke tsinta ba."

Lauratu ta san tambayar kamar yunwar cikinta. A duba na tsakiya, a zubar da rabin da ba shi da amfani, a sake raba saura. Sai dai a takarda ta koye ta, don wutar unguwarsu gaisuwa kawai take zuwa yi. A takarda kuma, kamar duk wadda ta yi makaranta da Larabci, daga dama take fara jeri. Haruffan gaba kullum a hagu suke.

"Na tsakiya j ne," ta ce. "Bai kai k ba. Sai mu yi hagu."

"Bismillah."

Ta ɗauki alƙalami ta soke m, t, y. Ta duba c, bai kai ba, ta ƙara yin hagu. Saura a kaɗai, harafin da bai taɓa ɗara kowa ba.

A bayan ƙofa mai jiran layi ya yi tari.

"Amsarki ke nan?" in ji Ustaza, idonta a kan agogo.

"A'a, Ustaza. A gida daga dama nake jera su."

"Na'ura ba ta da hannu, 'yata. Hagu da dama naki ne. In kira na gaba?"

Lauratu ta goge allon da gefen mayafinta, ta sake jera haruffan yadda Ustaza ta jera. Ƙarƙashin a ta rubuta ƙasa, ƙarƙashin y ta rubuta sama.

"J bai kai ba, mu hau. T ya ɗara, mu riƙe shi mu sauko. M ya ɗara, kuma ba saura a ƙarƙashinsa." Ta zagaye harafin. "M."

Ustaza ta karɓi alƙalamin, ta daɗe tana neman murfinsa.

"Lahadi da safe ki fara aiki. Watan gwaji ne, kada ki cika wa mutanen gida albishir."